Kambas a Ƙofar Masallaci

Maigidana bai taɓa ɗaukar kambas a matsayin takalmin babban mutum ba. A wurinsa takalmin 'yan firamare ne, irin wanda suke shafa wa jiƙaƙƙen alli ranar maci, su shanya a kan katanga. Shekarun da ya yi yana bin jirgin ƙasa daga Woodbridge, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, zuwa ofishinsu na injiniyoyi, sau-ciki baƙi yake sawa, gogaggu har kana ganin fuskarka a ciki. Ranar Juma'a abokan aikinsa Turawa sukan zo da wandon kaki da farin kambas, har da shugabansu mai furfura. Ya dawo gida yana ba ni labari yana girgiza kai. Wani cikinsu ya taɓa gaya masa cewa asalinsa takalmin masu jirgin ruwa ne da 'yan wasan tanis, daga baya masu hali suka mai da shi na shan iska.

"To ni jirgin ruwa gare ni?" in ji shi.

Ni kuwa na ce, "Malam, ai ko kwale-kwale ba ka iya shiga ba."

Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same shi, hannun dama da ƙafar dama. Bayan ya fara takawa aka ba shi wata roba mai tauri da ake ɗaura masa daga tafin ƙafa zuwa ƙwauri, don kada ƙafar ta riƙa ja. Robar ba ta shiga sau-ciki. Matar da ke koya masa tafiya ta ce sai takalmi mai faɗi, mai igiya, wanda ba ya santsi. Ni na je na sayo, shuɗi mai duhu, don na san fari ba zai ko kalle shi ba. Ya daɗe yana dubansa a cikin kwali, sannan ya miƙo ƙafa.

A gida ba matsala. Ni nake durƙusawa in sassauta igiyar, in tura dunduniyar, in ɗaure. Aikin hannu biyu ne, ko da an canza igiyar da abin mannewa. Matsalar tana masallaci, kuma Juma'a ita kaɗai ta rage masa a cikin duk fitar da yake yi da. Can yake ganin mutanenmu, a kira shi Injiniya, a tambaye shi labarin gida. Cirewa yana iyawa da hannu ɗaya. Mayarwa ce ba ya iyawa, ga shi ƙofar mata tana bayan ginin.

Makon farko na zagayo na tsaya nesa, wajen motoci. Ina hango shi zaune a kan benci, takalmin a gabansa, mutane suna ta zura nasu suna wucewa. Wani likita abokinsa ya sunkuya ya yi masa magana, na ga ya ɗaga hannu yana murmushi. Daga baya na ji abin da ya ce masa: wai yana jiran wani ne. Sai da wurin ya watse ya taso, takalmi a hannu, safa a kan kwalta mai sanyi, robar tana ƙwas-ƙwas. Na yi faɗa a mota har muryata ta dushe. Na ce girman kan nan zai kayar da shi wata rana. Ya ce in kula da hanya.

Mako na biyu aka yi ruwa, ƙasa ta yi santsi. Da na ga ya ɗauki takalmin zai miƙe, ban san lokacin da na ratsa cikin maza ba. Na durƙusa gabansa, na kama ƙafar na tura, na ɗaure tam. Wani dattijo ya ce, "Sannu Hajiya, Allah ya saka da alheri." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma na ga Malam ya kawar da fuskarsa gefe.

Muka hau babbar hanya. Muna cikin cunkoso ya ce, a hankali, "Da kin bar ni na faɗi."

Har yau ban san abin da ya kamata in yi ba in ba wannan ba. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Juma'ar da ta biyo ya yi wanka da wuri, na taya shi sa farar shadda, ya sa hula, ya shafa turare. Na ɗauko makullin mota, na durƙusa da takalmin. Sai ya janye ƙafarsa.

"Shimfiɗa min dadduma," ya ce.

Na shimfiɗa, na gyara masa kujera ta fuskanci alƙibla. Na koma bakin ƙofa na tsaya da makullin a hannu ina ƙirgawa, ko da na san amsar. Raka'a huɗu ya yi.