Gwiwar Inna Lubabatu

Abdulƙahar ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyarsa, Inna Lubabatu, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun yana rarrafe a gidansu da ke Zongon Kwatano, da "kai wannan" take kiransa. Mahaifinsa direban babbar mota ne, kuma a gindin motar yaron ya girma, yana tambayar abin da ya sa ake zuba wa inji ruwa. Tambayar ce ta kai shi lakwal, wato makarantar boko, ta kai shi jami'a, har ya ƙetare teku ya dawo da digirin dakta. Ranar Inna ta huta, ta sami sunan da za ta kira ba kunya: Dakta.

Ta tambaye shi dakta na mene ne, ya ce na zafi. Kafin la'asar duk layin ya ji. Masu zafin haƙori da masu zafin ciki suka fara sallama a ƙofar gida.

Ya yi bayani iya yinsa. Aikinsa a wani biro, wato ofis, da ke unguwar Ganhi shi ne lissafa a kwamfuta yadda zafi ke fita daga ƙarfe ya shiga ruwan da ke bi ta cikinsa. Lissafi biyu ne, na ƙarfe daban, na ruwa daban, sai a haɗa su a inda suka taɓa juna. Ƙarfe ya faɗi zafin da zai bayar, ruwa ya faɗi wanda zai iya ɗauka, a yi ta kai da komo kamar masu ciniki har bakinsu ya zo ɗaya. Masu haƙori suka saurara da ladabi, sannan suka tambaya ko kafin abinci ake sha.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya dame shi gwiwar Inna ce. Ta kumbura har salla sai a zaune, amma ta ƙi asibiti. Ta ce ba za ta bar dakta a gida ta je ta bi layin ɗan wata ba, mutane su ce ba ta yarda da nata ba. Ƙanwarsa Zakiyya ta ba shi shawarar ya sa farar riga kawai ya ba ta umarni. Ya ƙi, domin bai iya ƙarya ba, balle ga Inna.

Wata Asabar yana aiki a tsakar gida, Inna ta dogara sanda ta tsaya a bayansa. A fuskar kwamfutar akwai hoton bututun sanyaya inji, lanƙwasasshe, duk shuɗi, sai daidai lanƙwasar ya yi ja wur. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe ka duba ni ba ka faɗa ba," in ji ta. "Ga shi nan, daidai wurin."

"Inna, gwiwar bututu ce."

"Ko ta wace ce. Jan nan fa?"

Ya ce zafi ne ya taru a wurin, kuma in aka bar shi, wurin zai lalace. Ta tambayi abin da yake yi in ya ga haka. Ya gaya mata gaskiya: shi nasa lissafi ne, ba ya taɓa komai da hannu, masu kayan aiki yake tura wa su gyara.

"To tura ni mana. Ka zauna kana kallon uwarka ta yi ja."

Zakiyya ta toshe baki da mayafi ta fita neman tasi, don ƙafar ba ta hawa zemijan, babur ɗin haya.

A asibiti Inna ta shaida wa likita cewa babban dakta ne ya aiko ta, shi likitan dai ya yi aikin hannun. Likitan ya dubi Abdulƙahar, Abdulƙahar ya dubi silin. Aka zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar, aka ba ta magani.

Da ta fara sujada ba taimako, sai ta ce a buɗe mata hotonta. Ta tarar da shi ja yadda ta bar shi, ranta ya ɓaci. Abdulƙahar ya buɗe baki zai sake bayanin bututu, ya fasa. Ya ƙara gudun ruwan a lissafin, suka zauna tare suna jira, ƙarfe da ruwa suna ta cinikinsu. A hankali lanƙwasar ta koma ruwan ɗorawa, sannan kore.

Inna ta shafa gwiwarta ta ce ita ma haka ta ji, da ɗan saura.