Fasinjan da Ba Ya Tafiya

A shekarun da nake koyarwa a wata firamare a Bukkuyum, jim kaɗan bayan dawowar mulkin farar hula, ban rasa komai ba. Ga aiki, ga mata da 'ya'ya, ga gonar gero a bayan gari. Amma in na taso daga makaranta ba na iya zama. In shiga ɗaki, in fito zaure, in hau keke har bakin gulbi, in juyo ban san abin da ya kai ni ba.

Wata rana wani abokina mai kemis a Gummi ya ara mini wani littafi. Labarin wani ma'aikacin gwamnati ne da rayuwa ta gundure shi. Kullum da safe sai ya tafi tasha, ya shiga motar da ta fi kowace zuwa nesa, ya kama kujerar gaba. Sai an cika, direba ya tada inji, sannan mutumin ya ce a dakata ya yi mantuwa, ya sauka ya wuce ofis. Har 'yan kamasho suka riƙa zaunar da shi don fasinja su ga mota ta fara cika. Da ya mutu aka ɗauko gawarsa za a kai garinsu, motar ta mace daidai ƙofar tasha.

A mota na karanta wannan wurin, a hanyar dawowa. Na yi dariya har da hawaye, wani dattijon Bafulatani da ke gefena ya gyara sandarsa ya ce, "Malam, lahiya dai?" Na ce lafiya lau. Amma kafin mu iso gida dariyar ta koma mini wani abu mai nauyi a ƙirji.

Na kasa ajiye littafin, na kasa sake buɗe shi. Wata rana da la'asar matata tana tankaɗe a tsakar gida, na zauna bisa turmi na karanta mata. Na ɗauka za ta ce ga hotona nan. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma dube ni ba.

"Shi ai har tasha shika zuwa," ta ce.

"Mi kike nuhi?"

"Malam, tun da anka kawo ni gidan ga, in ba biki ko rasuwa ba, ina nit taɓa zuwa? In na ji ƙarar mota bisa titi, har tsayawa nikai da aiki."

Ashe duk zirga-zirgar da nake yi tana kallo, ita da ko keken ba ta da shi.

Ran Asabar muka bar yara wurin Inna, mahaifiyata, muka hau motar Anka. Inna ta tambaya wa ya rasu. Na ce ba kowa. Ta bi mu da kallo har muka sha kwana.

Ba mu da kowa a Anka. Muka zaga kasuwa, ta taya wani kwano ba ta saya ba, muka sha fura a gindin wata bishiya. Tun azahar ta fara cewa ƙaramin ɗanmu bai cika yarda da Inna ba, ƙila yana can yana kuka. Muka koma.

A hanya tana jikin taga, gyalenta na kaɗawa, ta ce, "Gusau hwa, da nisa?"

Na ce da ɗan nisa. Ta ce in tambaya mata direba.