Goyon da Na Tsallaka da Shi

Ranar da yaƙi ya iso garin da nake karatun likita a gabashin Turai, wake nake gyarawa. Rada, maƙwabciyata 'yar ƙabilar Roma, tana shanya a tsakar gida, jaririyarta Luba na kuka. Mutanen unguwar ba sa gaishe ta. Ni ma ba sa gaishe ni, shi ya sa muka saba.

Wajen ƙarfe takwas muka ji ƙarar farko. Gilashin taga ya zube cikin waken. Jiniya ta ɗauka. Na ja hijabina da fasfo na fita. Rada ta biyo ni da Luba da sauran yaranta uku da tsohuwar uwarta.

Da azahar muka isa tashar jirgin ƙasa. Hannuwan Rada sun gaji, ga jaririya ga tsohuwa. Na kwance zanen da na ɗaura kan wandona, na goya Luba kamar yadda ake yi a gida, na saki hijabi a kanta. Nan take ta yi barci.

Da la'asar 'yan sanda suka shigo da karnuka. Ba su tambayi kowa takarda ba. Fuska suke dubawa, da dogayen siket.

“Ku, can gefe! A zauna ƙasa!”

Suka ware Romawa kamar awaki a kara. Wani ya buga wa tsohuwar gindin bindiga. Mu baƙaƙe aka tura mu taragon ƙarshe da kulki. Na juya zan yi magana. Rada ta dube ni, ta girgiza kai sau ɗaya. Na shige taragon. Ƙofa ta rufe. Ta taga na ga ana loda su a babbar mota.

Kwana biyu ina jiƙa biskit da ruwa ina ba yarinyar.

A kan iyaka wata jami'a ta ɗaga hijabina. Ta ga farar yarinya a bayan baƙar mace. Kallon ɓarauniya ta yi min. Na yi bayani, ba wanda ya saurara.

“Kwance ta!”

Da hannuna na kwance zanen, suka tafi da Luba. Har yau ban yafe wa matar nan ba, kuma ba ni da niyya.

Yanzu ina wajen yayana a unguwar Perry Barr, a yammacin Turai. Duk Asabar ina shiga bas zuwa unguwar Lozells, wani lokaci har Cheetham Hill a Manchester, ina tare matan Roma a bakin shaguna. Sukan tambaye ni sunan dangin Rada. Ban sani ba. Shekara biyu muna shanya a igiya ɗaya, ban taɓa tambaya ba.

Mu bakwai muka bar gidan nan. Har yau ban san inda sauran shidan suke ba. Luba kuwa, uwarta ta ba ni ita ne don ta ɗan hutar da hannu.