Sifanun da ke bayan murhun Aslaug

Shekara arba'in Aslaug maƙwabciyata tana faɗa da mijinta Torleif a kan abu guda: sifanunsa. Yakan zura su cikin tsofaffin safa na ulu, ya jera a bayan murhun kicin, daidai inda take shanya burodi. Ni kaina na sha goya mata baya, don ban ga dalilin da ƙarfe zai riƙa jin ɗumi kamar kyanwa ba.

Da ɓarin jikinsa ya shanye aka kwantar da shi a asibitin garin Tynset, sai ta kwashe su ta rataye a rumfar waje, reras.

A watan Janairu likita ya ce Torleif zai iya komawa gida, amma sai in akwai motar da za ta sauko da shi asibiti duk mako. Hanyarmu kuwa, in dusar ƙanƙara ta rufe ta, tsohuwar a-kori-kurarsa ce kaɗai ke hawa. Ita kuma ta ƙi tashi, man dizal ya daskare a filta. Bakanike ya ce shi ba ya hawa dutsen nan sai ƙanƙara ta narke.

Aslaug ba ta taɓa buɗe bonet ba, amma taurin kai ba a koya mata. Da safar hannu ta kasa kama notin filtar. Ta cire, sifana ta manne mata a tafi don tsananin sanyi har ta ɗaye fata. Yatsu suka mutu, ta yi gaggawa, ta cinye kan notin.

Muka bi mai motar share ƙanƙara daga hanya zuwa wajen Torleif. Mako shida ke nan magana ba ta fita bakinsa sai da ƙyar. Ya dubi hannunta a ɗaure, ya daɗe yana kokawa da harshe.

"Ina... safa?"

"Na wanke," in ji ta. "Ai sifanu ba ƙafa gare su ba."

Ya yi dariya da rabin baki har da hawaye. Da hannunsa mai lafiya ya nuna mata sauran: ɗumama, ƙwanƙwasa, jira.

Washegari na same ta da sifanu uku a safa cikin ƙirjin riga. Tana aiki da ɗaya, in ta huce ta sauya. Ta kanga wa filtar na'urar busar da gashi, ta ƙwanƙwasa notin a hankali, ta koma ciki ta sha kofi. Sai a zagaye na huɗu ya juyu. Ta fitar da daskararren man, ta mayar da filtar.

"Ke Solfrid, daina tsaya mini a ka kamar fasto, murza makulli."

Na murza. Motar ta yi tari, ta kama. Kunya ta ishe ni, don da bakina na ce mata ta haƙura.

Ranar Juma'a ta ɗauko shi. Muka shigar da shi kicin, idonsa ya tafi kai tsaye bayan murhu. Ga safa nan a jere da sifanu a ciki, burodi kuma an mai da shi kan tebur. Ya miƙa hannu.

"A'a, tsoho," in ji Aslaug, tana gyara masa bargo. "Ka tambaya tukuna. Nawa ne yanzu."