Ƙulli Ɗaya na Dakuwa

Kakarmu Iya Dije ba ta taɓa shiri da gas ba. A gidanmu na kwatas ɗin ma'aikata a Wuse, da an idar da isha'i sai ta jawo kurfotinta ƙofar ɗakin baya, ta hura gawayi, mu zauna ni da yayana Sadiq, wanda take tsokana da "mijina". Baba ne ya ɗauko ta daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina, wai ta ga likitan ido ta koma. Shekaru suka shuɗe, mabuɗin ɗakinta na gida yana ɗaure a haɓar zaninta, kullum maganarta ɗaya ce: da an yi ruwan fari za ta tafi.

Tana da wata al'ada ta zuri'arsu. Duk mai tafiya daga gidanmu, ko Kaduna za shi, sai ta daka masa dakuwa ta yi ƙulli biyu a tsumma, ɗaya na zuwa, ɗaya na komowa. Na biyun ba a kwance shi sai an juyo da fuska gida.

Wata rana wani ɗan garinmu mai shago a kasuwar Wuse ya zo gaishe ta. Ina zaune a wurin ya saki baki, ya ce wanda ya sayi gidan ya rushe ɗakinta ya kafa injin niƙa. Ashe Baba ya sayar da gidan da gonar don ya tura Sadiq karatu Turai, bai gaya mata ba. Iya ta ce, "Madalla." Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Da daddare aka ɗauke wuta, Baba ya jawo kujera ya zauna tare da mu, bai san an yi baƙo ba. Injiniya ne a ma'aikatar kimiyya, lokacin kuma ƙasa ta samu sakewa, kowa zancen tauraron ɗan'adam yake. Ya shiga ba mu labarin kumbunan da ake shirin harbawa: wani duniyar Mars, wani Jupita, wani kuma can ƙarshen duniyoyin da ke kewaya rana, sai ya yi shekaru yana tafiya. Ya ce abin da Sadiq zai je koyo ke nan.

Iya tana juya gawayi ta ce, "To in ya gama kallon, wa zai komo da shi?"

Baba ya yi dariya. "Iya, ai ba a komo da shi. Man komowa nauyi ne. In ya aiko da hotuna, batirinsa ya mutu, shi ke nan, sai a ƙera wani."

Ba ta dube shi ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ta ce da mu, "Ga wata tana tafe, ku buɗe mata hanya."

Wai wani sarki ne ya so ya san abin da ke bayan taurari. Ya kira tsohuwar shamuwar da ke sheƙa a kan tsamiyar gidansu tun yana goye, ya ba ta ƙullin gero guda, ya ce ta je ta gano masa, ba za ta daɗe ba. Ta tashi, tana tafe tana ƙwalo masa abin da ta gani. Tana ɓacewa ya sa aka sare tsamiyar, aka sassaƙa wa ɗansa tsani. Geron shamuwa ya ƙare, ta leƙo ƙasa, babu bishiyar sauka. Muryarta ta yi ta raguwa, sarki ya ce dama ta tsufa. Ɗan ya hau tsani, ya tarar sama da daɗi, ya sa ƙafa ya ture tsanin. Sarki ya zauna a kan kututture yana ɗaga kai, har gara ta cinye shi daga ƙafa.

Na ce, "Iya, shamuwar fa?"

"Tana can. Ko wurin faɗuwa ba ta samu ba. Ta ƙare, wanda ta taka shi ya sani."

Baba ya miƙe, ya ce sauro ya yi yawa.

Ranar tafiyar Sadiq, Iya ta miƙa masa ƙulli ɗaya. Mama ta ce, "Iya, ɗayan fa?" Ta ce, "Dakuwar ta ƙare." Wallahi ga kwano nan a bayanta cike fal, kowa yana gani. Sadiq ya yi dariya, ya ce matarsa ta fara rowa. Mama ta fashe da kuka. Iya ta kwance mabuɗin nan ta sa a tafin Baba, ta ce, "Ungo, a haɗa a sayar."

A Abuja ta rasu, a nan aka binne ta cikin baƙi. Sadiq yana can lafiya lau, yana aiki da masu ƙera sassan kumbo, ya yi aure, yana bugo waya ranar Sallah. Ba na cewa tsumma ne ya hana shi dawowa. Amma na ji haushin Iya, har yau ina ji, don yaron bai yi mata komai ba, uban take nema, ta bi ta kan ɗan. Baba ma ban yafe masa duka ba. A wurinsu na ga yadda mutum ke cutar da nasa ba tare da ya ɗaga murya ba.

Bara Baba yana zaune gaban talabijin, idonsa ya yi rauni, ake labarin sababbin kumbunan da za a tura. Ya ce, "Asma'u, waɗannan suna komowa?" Na ce, "Baba, ai kai ka gaya mana." Can ya tambaye ni ko na iya daka dakuwa. Ya ce in yi ƙulli ɗaya, na komowa, a ba mai tafiya ya kai wa Sadiq.

Na daka, na ƙulla, na aika. A filin jirgin can aka ƙwace aka zubar, wai ba a shiga da irin wannan abincin. Har yau Baba yana tambayata ko ta isa.