Muryar Babur Ɗina

Ina da wani tsohon babur, irin na dauri wanda ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur. Muryarsa siririya ce, mai ladabi. Daga Faskari har Tafoki babu gidan da bai san ta ba. Kafin in iso an shimfiɗa tabarma.

Irin wannan inji yana da al'ada guda. Kunkunniya kan toshe salansarsa, sai ƙarfinsa ya ragu. Maganin sananne ne tun zamanin iyayenmu: a zare bututun nan mai huji-huji da ke cikinta, a ƙona shi, a kakkaɓe, a mayar. Abin da na umarci wani bakanike a bakin tasha ke nan, ana gobe sunan jikana, ɗan ɗiyata da ke aure a Tafoki.

Da sanyin safiya na zo karɓa. Bakaniken ya taka babur ɗin, sai wata irin ƙara ta tashi, kai ka ce kwano ake yagewa daga kan ɗaki.

Na ce, "Kai, me ka aikata mani?"

Ya ce, "Baba, numfashi na buɗe mashi. Na cire bututun gaba ɗaya. Haka samari ke yayi, yanzu ko jirgi bai fi ka ba."

"Na ce maka samartaka na zo saye? Ina bututun?"

"Ai 'yan gwangwan sun wuce da shi tun jiya."

Ya faɗa yana murmushi, yana jiran in sa mashi albarka! Rana tana ɗagawa, raɗin suna kuwa ba ya jiran kowa. Na hau na kama hanya, kunnuwana suna amo.

Wanda bai zauna ƙasarmu a shekarun nan ba, ba zai san abin da rurin babur ke nufi ga mutanen ƙauye ba. Mu mun sani, shi ma bakaniken ya sani. Da irin wannan ƙara 'yan bindiga ke shigowa gari.

Na isa ƙofar gidan surukina, mahaifin mijin ɗiyata, na tarar da tabarmi babu kowa a kai. Takalma a warwatse, goro a zube cikin ƙasa, tukunya tana tafasa ita kaɗai. Na kashe inji na yi sallama, ragon suna ne kawai ya amsa daga turke.

An jima, dawar gonar da ke gefen gidan ta fara motsi. Liman ya fito, ƙarangiya ta cika mashi riga. Surukina ya biyo baya babu hula, ya dube ni, ya dubi babur.

"Alhaji, kai ne rundunar?"

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin a bayansa na hangi ɗiyata. Mai jego, wadda ba ta gama wankan ganye ba, ta fito daga gona babu takalmi, ƙafarta tana jini, ta ƙanƙame jaririn a ƙirji. Gudun mahaifinta ta yi. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," ba ta ɗaga ido ba.

An raɗa suna, an yi addu'a. Da na tashi tafiya, surukina ya raka ni, ya ce a hankali, "Alhaji, tura shi za ka yi har bakin rafi. Mata ba su gama dawowa ba."

Na tura, ni da furfurata da babbar rigata, a gaban surukai.

Wani maƙeri ya ƙera mani sabon bututu, amma muryar ba ta dawo yadda take ba, Tafoki kuma ba ta san wannan sabuwar muryar ba. Har yau, in zan je ganin jikana, a bakin rafi nake kashe inji, in shiga gari da ƙafa ina doka sallama tun daga nesa.