Mahaucin da Aka Kashe a Dandali

Ranar wata Juma'a bayan la'asar aka kashe ni a dandali, ina tsaye cikin 'yan kallo.

Ni mahauci ne, gado na yi. Akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwarmu a Karaye, suna wasa a filin makaranta. Shugabansu tela ne, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Shi ya jawo ni. Ba a rubuta komai a wasanmu. Yaya zai faɗi yadda labari zai tafi, kowa ya nemo maganarsa da kansa. Ni ba ni da baki, sai ya ba ni abin da zan iya. In rigima ta yi zafi, ta gona ko ta gado, sai in shigo ina goga wuƙa da wuƙa, in dubi wannan, in dubi wancan, in ce, "A ina za a yanka?" In fita. Shekara bakwai ina yin haka, ba a taɓa fasa dariya ba.

Ƙungiyar tana da doka ɗaya. Duk wanda ya fita ya yi nasa, za a kashe mutumin da yake fitowa a matsayinsa a gaban jama'a, kuma matacce ba ya dawowa. Na san dokar. Sau biyu ina kama makara.

Wani mai zanen motoci a Rogo ya ga wasanmu. Ya zana mahaucin a ɗan littafi, hoto bayan hoto, aka buga a Kano. Ya ba shi gida, ya ba shi jaki mai taurin kai. Shafi goma mahaucin bai ce uffan ba, gira kawai yake ɗagawa, sai a shafin ƙarshe ya yi tambayarsa. Ranar kasuwa littafin ya ƙare kafin azahar. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Yaya bai hana ba, ya ce takarda ba fita ba ce.

Da bidiyo ya shigo gari, wani mai ɗaukar biki da kyamara ya zo rumfata.

"Sarkin fawa, kai ake zuwa kallo, ba su ba," ya ce. "Littafi ya nuna. Mu yi kaset naka kai kaɗai."

Na sami Yaya a kan keken ɗinki, na faɗa masa. Bai tsayar da ƙafarsa ba.

"Gishiri ne kai," ya ce. "Ka taɓa ganin an tuƙa tuwon gishiri?"

"Littafin fa?"

"Can alƙalami ne yake wasa, ba kai ba. Takarda tana iya shiru, mai karatu ya juya shafi. Akwatin nan in ka yi shiru, cewa za a yi ya lalace."

Na ce hassada ce. A gaban masu jiran ɗinki na faɗa.

A Gwangwan muka ɗauka, kwana uku, yadda muka saba, ba rubutu. Mai kyamara biki ya sani, inda mutane ke surutu da kansu, nasa riƙe kyamara kawai. Ya saita ni ya ce, "To, yi magana." Me zan ce? Babu rigimar da zan shigo in yanke. 'Yan wasan da ya tara ni suke jira in fara, tunda ni ne babba. Jakin da muka aro ma ya ƙi taurin kai, duk inda aka ja shi bi yake. Sai na koma ga abin da na sani. Na tambayi mai ɗibar ruwa a ina za a yanka. Na tambayi mai unguwa. Na tambayi jakin.

A gidan kallo na Rogo aka fara sakawa. Karon farko da na yi tambayar an yi dariya. Na biyu kaɗan. Daga na huɗu 'yan kallo suka riƙa riga ni faɗa, ba don daɗi ba. Wani dattijo ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce wa mai gidan kallon, "Malam, ko jakin za a bar mana?" Aka cire, aka sa na Indiya.

Na sayi goro na koma shagon Yaya, na durƙusa.

"Maganar da ka faɗa mini na yafe," ya ce. "Doka kuwa ba tawa ba ce ni kaɗai. Waɗanda ka kama makararsu suna gari, me zan ce musu?"

Juma'ar suka shigo da makara a rufe, an ɗora wuƙaƙen da nake ajiyewa a shagon Yaya. Mai fitowa a liman ya ce mahauci ya tafi neman suna, ya faɗa rijiya. Aka yi dariya, irin wadda ake yi mini. Na tsaya har aka tashi.

Mai zane ya ci gaba da abinsa. Mahaucinsa ya rayu har littafi na tara, a hankali ma fuskar ta daina kama da tawa. Bai taɓa buƙatata ba.

Daga baya ƙungiyar ta watse, Yaya ya rasu ban sake taka dandali ba. Ina Rogo yanzu, rumfa ta uku daga bakin kasuwa, ina sayar da nama.